Wanda Ya Roƙi Takalmin Mai Jita

Uwani ce ta fara tambaya. Da rana ta shiga ɗakin Yaya Hambali ɗauko tsintsiya, ta ga jita jingine a bayan ƙofa, ja, babu tsirkiya ko ɗaya a jikinta.

Hutu muka zo gidan kakarmu a Bakori, ni da Uwani ƙanwata da Sadisu ɗan gwaggonmu. Yaya Hambali ɗan wan babanmu ne, ya girme mu nesa. Mun san shi da shagon iri da maganin feshi a bakin kasuwa. Mun san yatsu biyu na hannunsa na hagu ba sa lanƙwasuwa. Ba wanda ya taɓa gaya mana ya yi kiɗa.

Bayan isha muna zaune a tabarma a ƙofar ɗakin Kaka, ya shigo. Ya zauna ya jingina da bango, ya miƙe ƙafafu kamar ba nasa ba. Uwani ta ce, "Yaya, jitar wa ce a ɗakinka?"

Ya juyo ya dube ta.

"Wa ya aike ki bayan ƙofa?"

Ya murza idanunsa.

"Ku matso. Ba na son ɗaga murya. Kuma ba tatsuniya ba ce, ba sai kun ce ta zo mu ji ta ba."

Muka matsa har gwiwoyinmu suka haɗu. Ga yadda ya ba mu, da bakinsa.

*

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kaɗa jitar lantarki. Mu biyar ne a ƙungiyar, amma biyu kawai za ku riƙe. Oga Lawandi, mai kayan kiɗan, shi ke karɓo mana aiki. Sai Anti Baraka, mawaƙiyarmu, wadda ta girme mu duka. A Funtuwa muke zaune, amma da suna kawai. Yau biki a nan, gobe suna a can. A mota muke barci, a mota muke cin abinci.

Jitar lantarki ba ta da murya ita kaɗai. Sai an ja waya daga jikinta zuwa wani akwati da ake cewa amfilifaya, shi kuma a jona shi da wuta. Tsirkiyoyinta na ƙarfe ne. Yatsunka suna kansu tun farkon waƙa har ƙarshe.

Filogin akwatin nan ƙafa uku gare shi. Ta ukun, doguwar, ita ce ta ƙasa. Idan wuta ta ɓalle a cikin akwatin, ta wannan ƙafar take bi ta sauka, ba ta jikin mutum ba. Wata rana a wani biki muka tarar da soket mai rami biyu. Mutane na jira. Oga Lawandi ya sa filaya ya karya ƙafar. Ina tsaye. Ni na miƙa masa filayar.

Wata da watanni ba abin da ya faru. Sai farkon damina ruwa ya doki akwatin a saman mota. Daga ranar jitar ta fara cizo. Kaɗan kaɗan, kamar cinnaka a kan yatsa. Wata rana hannuna na kan tsirkiya, na kai baki makirfo zan yi amshi, leɓena ya taɓa ƙarfen. Na ga fari fat. Leɓen ya kumbura kwana biyu. Aka yi ta dariya, ni ma na yi.

Anti Baraka ba ta yi ba. Ta ce, "Lawandi, a kai akwatin nan gyara."

Ya ce, "Bayan wannan bikin, Anti."

Bayan wannan bikin akwai wani bikin. Ita ta riƙa ɗaure makirfo da hankici. Ni na sayi takalmin roba mai rufi, mai kaurin tafi, irin na makiyaya. Idan ina sanye da shi cizon kan ragu. Haka muka ci gaba. Mutum yakan saba.

Ranar da zan ba ku labarinta, cikin watan Agusta ne. Kwana tara a jere muna kiɗa. Idanuna kamar an zuba musu yashi. Bayana ya ƙage saboda rataya jita. Ga wani bikin kuma a wani ƙauye, Tungar Maje, can bayan wata fadama.

Inda kwalta ta ƙare motarmu ta tsaya, don taɓo ba zai bar ta ta wuce ba. Dangin ango suka aiko da amalanken shanu. Kafin a gama loda kaya na kwanta a benci ƙarƙashin wata rumfa, na yi matashi da jakar jitar. Na ce ido kawai zan rufe.

Da na farka la'asar ta yi sanyi. Ba amalanke, ba kowa. Sai wata tsohuwa mai sayar da dafaffiyar gyaɗa tana haɗa kwanukanta.

Ta ce, "Sun tashe ka sau uku, ɗan nan. Sun ce in ka farka ka biyo."

Na ce, "Ta ina, Iya?"

"Hanyar amalanke ta zagaya. Awa biyu ce."

"Babu ta kusa?"

Ta ɗaure bakin zanenta kafin ta amsa.

"Akwai ta fadama. A bi turaku. Amma ka jira a samu mai zuwa can, ku tafi tare."

"Yaushe za a samu?"

"Wani lokaci akan samu."

Na yi alwala na yi la'asar a makare, na rataya jita, na kama hanyar turaku. Ba taurin kai ba ne. Awa biyu ne ba ni da ƙarfinsu.

Turakun na wutar lantarki ne, na siminti. An kafa su shekaru da yawa, ba a taɓa ja musu waya ba. Suna jere cikin fadama, wasu a miƙe, wasu sun karkace. An yi ruwa da azahar. Hanyar siririya ce, shinkafa dama da hagu, taɓo har idon sawu. Kwaɗi na ta kuka. Rana ta yi ja, ta sauka kan itatuwa.

Na yi nisa sai na lura kwaɗin sun yi shiru. Ban san lokacin da suka daina ba.

Sai na ji wani gunji, ƙasa ƙasa. Irin wanda akwatin kiɗa kan yi idan an kunna shi ba a taɓa komai ba. Na ce kunnena ne. Kwana tara kusa da lasifika, dole kunne ya yi kuka.

A gindin wani turke da ya karkace, mutum na zaune. Doguwar riga ce a jikinsa, kalar toka. Ba hula. Ba zan iya ce muku tsoho ne ko yaro ba. Fuskarsa dai ta wanda ya daɗe yana jira ce.

Na yi sallama. Bai amsa ba. Ya dube ni ya ce, "Makaɗi ne."

Gunjin nan a ƙarƙashin muryarsa yake. Idan ya buɗe baki ya ƙaru, idan ya rufe ya ragu.

Na ce, "Eh, Baba."

"Tungar Maje."

"Eh."

"Mu je. Hanyarmu ɗaya."

Gaskiya da farko daɗi na ji. An ce in samu abokin tafiya, ga shi na samu. Na wuce gaba, ya biyo ni, ta hagu, taku ɗaya a bayana.

Tafiyata tana ƙara, caɓal, caɓal. Tasa ba ta yi. Abin da nake ji kawai wani ɗan sauti ne, cuu, cuu, kamar ɗigon ruwa a kasko mai zafi.

Ya ce, "Tana cizonka."

"Wa, Baba?"

"Wadda ke bayanka."

Jitar na cikin jaka, a rufe.

Muka wuce turke ɗaya, muka wuce na biyu.

"Yaushe rabonka da barci?"

"Kwana tara. Sai dai gyangyaɗi."

"Ka gaji."

Na ce, "Na gaji, Baba."

Ku ji wani abu. Duk shekarar nan ba wanda ya ce mini haka. Kowa cewa yake ka ƙara, ka tashi, ana jira. Sai ga wani a tsakiyar fadama ya faɗa. Saura kaɗan in yi kuka.

Don kada ya ga idanuna na sunkuyar da kai. A nan na ga ƙafafunsa.

Baƙaƙe ne ƙirin, kamar itacen da aka zaro daga murhu. Yatsun sun manne da juna. Duk inda ya taka, taɓon sai ya bushe nan take, ya yi fari, ya tsattsage, ɗan hayaƙi ya tashi. Na waiwaya. Sawuna cike da ruwa. Nasa a jere kusa da nawa, busassu, har inda ido ya ƙare.

Na fara karanta abin da na sani a zuci. In kai tsakiya in manta. In dawo farko. In sake mantawa.

Ya ce, "Ka ga ƙafafuna."

"Na gani."

"Zafi suke yi. Kullum."

"Allah ya sawwaƙe."

Bai ce amin ba. Ya tsaya, ni ma na ga na tsaya.

"Ba ni takalminka."

Bai matso ba. Bai ɗaga murya ba. Hannu kawai ya miƙo, kamar mai karɓar abin da ya ba da ajiya.

Sadisu, na ga bakinka na motsi. Za ka ce me ya sa ban gudu ba. Gudu da wane ƙarfi? Kuma ba tsoro kaɗai ba ne. Tausayinsa na ji. Sannan cewa a'a aiki ne, sai ka yi bayani, sai ka tsaya a kan maganarka. Ni ba abin da ya rage mini na tsayawa.

Na cire na ba shi. Ya sa. Na ji warin roba tana ƙuna.

Ya ce, "Zan zo in ji kiɗan."

Na juya na ci gaba da tafiya, taɓo mai sanyi yana shiga tsakanin yatsuna. Ban waiwaya ba sai da na jiyo kiran sallar magariba daga ƙauyen. Turaku ne kawai a bayana. Kwaɗi suka dawo da kukansu gaba ɗaya.

Na isa da taɓo har gwiwa. Anti Baraka ce ta fara ganina.

"Hambali, ina takalminka?"

"Taɓo ya cinye, Anti."

Ta dube ni ta daɗe.

"Duka biyun?"

Kafin in amsa Oga Lawandi ya iso yana huci. "Sai yanzu? Yi salla ka hau. Mutane sun taru tun ɗazu."

Na wanke ƙafa na yi salla. Na so in roƙi wani ya ara mini silifa. Na duba, kowa na kai da kawo. Na ce bari kawai.

A filin ƙofar gidan ango aka shirya mana. An jera bulo an ɗora katako, shi ne dandamalin. Janareta na bayan rumbu. Wayar da ta taso daga can a ƙasa take kwance, inda aka yi mata haɗi an naɗe da leda. Filin duk ya jiƙe, ruwa kwance nan da can, hasken ƙwan lantarki biyu yana rawa a cikinsa.

Katakon a bushe yake. Na hau, na jona jita. Da na taɓa tsirkiya ta cije ni fiye da kullum, har gwiwar hannu. Amma abin da za a iya daurewa ne. Na daure.

Sai lasifika ta fara gunji. Shi ne. Wanda na ji a fadama, ba bambanci.

Anti Baraka ta ce, "Lawandi, wannan kukan fa?"

"Janareta ne, Anti. Ki fara."

Ta fara. Mata suka shigo fili, aka kafa rawa.

A waƙa ta uku na hango shi. Can baya, gindin darbejiya, inda haske ya ƙare. Yana tsaye, takalmina a ƙafarsa.

A ta huɗu yana tsakiyar taro. Mutane na kauce masa ba tare da sun dube shi ba, kamar yadda ake kauce wa murhu.

A ta biyar aka fito da amarya aka zaunar da ita a kujera gaban fili. Abokan ango suka zo bakin katako.

"Mai jita ya sauko gaban amarya."

Abu ne da na saba yi. Wayata doguwa ce don haka. In sauka, in durƙusa gaban amarya, in yi mata kiɗa ita kaɗai, mata su yi guɗa. Suka sake faɗa, suna tafi. Yana cikinsu. Leɓensa na motsi tare da nasu.

Wannan ne wurin da na fi jin kunyar faɗa. Ina sane. Na san ƙasa a jiƙe take. Na san ba takalmi a ƙafata. Na san abin da ke cikin tsirkiyar nan. Ba wanda ya rufe mini ido. Kawai na ga in na ƙi sai an yi surutu, Oga ya yi faɗa, a ce na wulaƙanta ango. In na sauka kuwa, waƙa ɗaya ce a wuce wurin.

Na sauke ƙafar dama.

Ba zafi na fara ji ba. Hannuna na hagu ne ya damƙe wuyan jitar da kansa, ya ƙi buɗewa. Haƙorana suka haɗe. Ƙirjina kamar an ɗaure shi da igiya an ba bijimin sa yana ja. Jikina na karkarwa, jitar na kururuwa a lasifika. Mutane suka ɗauka salo ne. Suka ƙara tafi. Na ji guɗa.

Sai komai ya ɗauke. Ba tafi, ba ganga, ba gunji.

Yana gabana, kusa, kamar yadda kuke ɗin nan. Muryarsa ta washe. Ban taɓa jin murya mai sanyi irinta ba.

Ya ce, "Saki jikinka. An gama."

Na dube shi.

"Ba wani biki gobe. Ba mota. Ba wanda zai tashe ka."

Na ji bayana ya daina ciwo, karo na farko cikin shekaru.

"Ka ce to. Shi ke nan."

Ba zan yi muku ƙarya ba. Na so in ce. Da zuciya ɗaya na so. Kalmar ta taso har bakina. Haƙoran nan da wuta ta haɗe su ne suka ƙi buɗuwa. Da bakina a sake yake, da yau wani ne ke ba ku labarin nan.

Abin da ya faru a waje, daga baya aka gaya mini. Anti Baraka ta ga idanuna sun juye, ta gane ba rawa ba ce. Mai gangarmu ya zabura zai rungumo ni. Ta tare shi da kafaɗa har ya faɗi.

"Kada ka taɓa shi. Ku biyu za ta haɗa."

Janareta ya yi nisa. Ta ɗauki kujerar katakon da mai gangar ya tashi a kai, busasshiya, ta maka wa filogin akwatin. Sau biyu. A na biyun ya fita daga soket.

Ni dai abin da na gani, mutumin ya sauke hannunsa. Bai yi fushi ba. Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda mota ta wuce shi a tasha. Ya juya. Daga nan duhu.

Sun ce da na faɗi ba numfashi. Allah ya sa cikin dangin amarya akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta zo biki daga birni. Ta durƙusa cikin taɓo da kwalliyarta, ta yi ta danna ƙirjina. Wasu na cewa a rufe shi, ya cika. Ba ta saurare su ba. Sai da hannayenta suka mutu sannan na yi tari. A amalanken da ya kawo kaya aka fitar da ni, ta doguwar hanya. Ba wanda ya ko ambaci ta kusa.

Sati uku na yi a asibiti. Tsirkiya ta zana layi a yatsuna har ƙashi. A tafin ƙafar dama akwai rami, inda wutar ta fita.

Ana nan sai limamin Tungar Maje ya zo duba ni. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya bari sai da masu dubiya suka fita, ya jawo kujera.

"Ta turaku ka biyo, ɗana?"

"Eh, Malam."

"Me ya roƙa?"

Ban gaya wa kowa ba. Na ce, "Takalmi."

Ya gyaɗa kai.

"Wani mai haƙar rijiya, igiyarsa mai kyau ya roƙa. Ya shiga rijiya da tsohuwar igiya. Wani masunci, goran da yake hawa ya haye ruwa. Su ba su rayu sun ba da labari ba, sai abin da suka faɗa wa matansu kafin su fita."

"Wane ne shi, Malam?"

"Wasu sun ce ma'aikaci ne da tsawa ta faɗa wa lokacin kafa turakun. Kakata kuwa ta ce tun kafin a san siminti yana nan. Ban sani ba. Abin da muka sani, ba ya ƙwace. Roƙo yake yi. Kuma bai taɓa tare mutum biyu ba."

Ya yi mini addu'a ya tafi.

Da na fito, Oga Lawandi ya ɗauke ni muka kai akwatin wurin mai gyara. Tun ranar bai iya haɗa ido da ni ba. Mai gyaran ya kwance, ya nuna mana wata waya da ta saɓule tana taɓa jikin ƙarfen. Ya ɗaga filogin ya ga ƙafa biyu.

"Wa ya karya wannan?"

Ya ajiye filogin a gabanmu.

"Da tana nan, da fis ne zai ƙone, ba mutum ba. Kuma abu yana cizonku wata uku, kuna ɗaure shi da hankici? Cizon nan magana yake yi muku."

Oga ya fita waje ya zauna bakin kwata, ya rufe fuska da hula.

To, kun ji. Liman ya faɗi tasa, mai gyara ya faɗi tasa. Ni na san duka biyun. Shi ya karɓi takalmin. Amma ƙafar filogi mu muka karya, da rana tsaka, ba aljani ko ɗaya a wurin.

Yatsun ba su ƙara danna tsirkiya ba. Na gwada shekara guda, na haƙura. Da hannuna na kwance tsirkiyoyin.

Sai dai mutumin fadamar ya bar mini wani abu da ban roƙa ba. Tun daga ranar, duk inda wuta ke zuba a jikin ƙarfe, ina jin gunjin tun daga ƙofa. Na ji shi a firijin wata mai sayar da ƙanƙara. Na ji shi a makirfon masallacin kasuwa, na riƙe hannun ladan kafin ya ɗauka. Aka duba, haka ne. Mutane na ce mini baiwa ce. Su ba su san yadda gari yake da wayoyi marasa lafiya ba. Duk inda na bi ana kirana ƙasa ƙasa. Ranar da na fi gajiya, ranar ya fi fitowa sarai. Wani lokaci har kalmomin nake ji.

*

Nan Yaya Hambali ya tsaya. Uwani ta riƙe gefen rigata tun ban san yaushe ba.

Sadisu ya ce a hankali, "Yaya, har yanzu kana so ka ce to ɗin?"

Yaya Hambali ya dubi hannunsa.

"Ba kullum ba."

Ya gyara zama da ƙyar.

"Ku ji nan. Duk abin da ya cije ku na wuta, ko kaɗan ne, ku kashe shi ku ajiye sai an duba. Kada ku taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, kada ku tsaya masa ba takalmi. In ta kama wani, ba da hannu ake cire shi ba. Sannan in tafiya ta taɓa kai ku Tungar Maje, ku bi ta amalanke. In dole sai ta turaku, ku jira abokin tafiya ko da kwana za ku yi a rumfar nan. Wanda duk ya tare ku a hanya ya ce kun gaji, kada ku amsa masa."

Ya dafa bango ya miƙe. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ɗakinsa na can ƙarshen gida, bayan turken awaki, tafiyar da ba ta kai taku arba'in ba. Ya tsaya yana kallon wajen. Mutum ne mai 'ya'ya uku da furfura a gemu.

Ya ce, "Yau na sha aiki a shago. Waninku ya taso ya raka ni."

Mu ukun muka tashi.